Ciwon da Ya Zaunar da Ni Bayan Danga

Daga haƙori abin ya fara. A lokacin ina bazawara, maigidana ya rasu a hanyar fatauci, na dawo gidanmu na cikin birni da 'yata guda ɗaya wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Mu uku ne manya a gidan: Inna, da ni, da ƙanwata, autar Inna, wadda ta isa aure amma Allah bai kawo mijin ba tukuna. Baba kuwa ya rasu tun ina ɗakin miji. Wani matauni na ƙasa, ɓangaren hagu, ya ruɓe ya hana ni sakat, har wanzamin unguwarmu ya zo ya cire shi da awartaki. Haƙorin ya karye a ciki, sai da ya tona ya fitar da guntun. Na riƙa kuskure baki da ruwan kanwa kamar yadda ya ce, ramin ya rufe, na manta da shi.

Daddawa ce sana'ata, kuma ba yabon kai ba, a Birnin Gwari an san hannuna. Da bazara mukan fita daji da sauran mata mu tara ɗorawa, in fitar da kalwa, in dafa ta har ta yi laushi, in surfa da toka, in wanke a rafi, in sake dafawa, sannan in rufe da ganye in jira ta nuna. Wurin jiran nan ake gane gwana, domin hanci ne ke faɗa maka lokacin buɗewa. Ni da kaina nake kaiwa kasuwa. Fataken da ke wucewa tsakanin Zazzau da ƙasashen yamma sukan tsaya a gaban faifaina su yi guzuri, saboda tawa ba ta fumfuna a hanya.

Da ruwan farko ya sauka na ji wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙina, daidai inda aka cire haƙorin. Ba ya zafi sosai, sai tauri kamar an cusa mini guntun itace a ƙarƙashin fata. Inna ta ce hangum ne, wata maƙwabciya ta ce maƙoƙo ne zai fito mini. Kafin a yi girbi wurin ya yi jajaja-baƙi, ya fashe da kansa. Ba kamar maruru ya fashe ba, wanda zai zubar da abin da ke ciki a huta. Ƙananan ƙofofi ya buɗe, suna tsattsafar da ruwa da mugunya, a cikin mugunyar kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi rawaya-rawaya kamar tsakin gero. In wannan ƙofa ta rufe, sai wata ta buɗe can ƙasa wajen wuya.

Ba abin da ba mu gwada ba. Wanzami ya yi mini sakiya, ya kafa ƙaho. Malamin unguwa ya yi rubutu na sha, ya ce da Inna jarrabawa ce, mu haɗa da addu'a da magani. An kawo sassaƙen maɗaci, an kawo saiwoyin da ban san sunansu ba. Wani lokaci ciwon ya lafa har mu fara hamdala, sai kuma ya dawo. A hankali muƙamuƙin ya riƙa sandarewa, har ya zama yatsa ɗaya da ƙyar yake shiga tsakanin haƙorana. Tuwo ya gagare ni sai an dama shi ya zama ruwa. Kunu da koko da farau-farau suka zama abincina.

Duk da haka ban daina zuwa kasuwa ba. Nakan ɗaure wuyan da ƙyalle in ja mayafi in rufe. Amma ƙuda ba ya rufa wa kowa asiri. Ranar nan wata mata da ta daɗe tana saye a wurina ta ɗauki daddawa, ta kai hanci, sai idonta ya faɗa kan ƙyallen da ya jiƙe. Ta mayar da daddawar a hankali, ta goge hannunta a zaninta, ta ce za ta dawo. Ranar yadda na kai faifai haka na dawo da shi.

Da na faɗa wa Inna, ta ci gaba da kaɗa mazarinta. Can ta ce, “Daga gobe Auta za ta riƙa kaiwa. Ke ki tsaya ki yi a gida.”

Na ce, “In aka tambaye ta wa ya yi fa?”

Ta ce, “Wa zai tambaya? Wanda ya ga daddawa a hannun mutum ai ya ga mai ita.”

Haka kuwa aka yi. Mutane suka ɗauka na ajiye sana'a saboda ciwo, ƙanwata ta gada. Ni ke tashi da asuba in hura wuta a bayan danga, ni ke shan hayaƙi, ni ke kirɓa har kafaɗata ta ƙage, ni ke mulmulawa in shanya. Ita kuwa ta yi wanka, ta zizara kwalli, ta ɗora faifai a ka ta fita, wuyanta dogo sumul ba ko ƙwarzane. Da yamma ta dawo da faifai wayam tana ba mu labari.

“Yaya, kin san abin da matar mahauci ta ce yau? Wai tawa ta fi taki ƙamshi!”

Ta faɗa tana dariya, a ganinta abin dariya ne, ta zaci ni ma zan yi. Na so in yi, amma ko bakin bai buɗuwa. Na ce a raina, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun daga ranar wani abu ya zauna mini a ƙirji game da yarinyar nan da na goya da bayana.

Ba ta yi mini laifin komai ba, shi ya fi ci mini rai. Da muguwa ce da na sami abin kamawa. Ita ke ɗebo mini ruwa, ita ke wanke ƙyallayen da ko ni ƙyamarsu nake yi. Amma komai nata ya koma yana sosa mini zuciya. In ta zauna tana gurgurar ƙashi, ko tana ɓantarar goro, ko ta kama rake ta fiƙe da haƙori ruwan yana bin haɓarta, sai in ji kamar da gayya take yi. Har hamma nake ƙyashin in ga ta yi, ta wangale baki son ranta. Nakan juya baya in fuskanci danga da ƙoƙon kununa, ina zurara shi ta gefen baki da ƙaramin ludayi.

Wanda ya fi duka ciwo shi ne na 'yata. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na jan ta a jiki a gaban mutane, haka muka taso muka ga ana yi. Amma da, in ba kowa, takan zo ta hau cinyata ta cusa kai a wuyana. Da ciwon ya fashe, ranar farko da ta ga na kwance ƙyallen, ta ƙwalla ƙara ta ruga ta ƙanƙame ƙafar ƙanwata. Inna ta ce kada ma a bari ta riƙa matsowa, tunda ba a san ko ana ɗauka ba. Shimfiɗarta ta koma ɗakin ƙanwata. Ita ke mata kitso, ita ke tauna mata nama ta ba ta a baki. Ina bayan danga ina jin su suna tafa hannu suna waƙa. Ba wanda zan iya kai wa ƙara, domin uwar da ta nuna damuwa a kan 'yar fari ta zama abin zunɗe a unguwa.

Sauƙin da na samu ta hannun wata Bafillatana ya zo, wadda ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Tabanni. Dattijuwa ce, ba ta da ƙyanƙyami. Wata rana ta same ni ina gasa wuyan, ta ajiye ƙwaryarta, ta kama haɓata ta juya ni wajen haske kamar mai duba saniya a kasuwa. Ta murza ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan a yatsa.

Ta ce, “Na taɓa ganin irinsa a muƙamuƙin nagge, saniya ke nan. Takan daɗe da shi tana kiwo cikin 'yan uwanta, ban ga ya bi garke ba. A mutum kam yau na fara gani.”

Na ce, “Yana warkewa?”

Ta ce, “Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata, ban ga wadda ta rabu da shi ba. Amma wadda take cin abinci tana daɗewa. Wadda ta daina ci ita ke faɗuwa. Ki lura da bakin nan kada ya rufe.”

Ita ta nuna mini in feƙe ɗan itacen aduwa in riƙa sa shi tsakanin haƙora bayan na gasa wurin, ina ƙara kaurinsa kaɗan-kaɗan. Daga nan na tsara wa kaina yadda zan zauna da ciwon. Safe da yamma in tafasa bagaruwa, in tsoma tsumma in gasa har wurin ya yi laushi, in matse ƙofofin a hankali, in wanke, in ɗiga zuma, in shafa man kaɗanya a gefe don kada fatar ta tsage, in ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Na lura yana tashi in na wahala ko na yi zazzaɓi, yana lafawa in na sami madara da romo. Bakin ya ɗan saki har yatsu biyu suna shiga. Ranar da na fara tauna dafaffiyar doya, ni kaɗai a bayan danga, sai da na yi hawaye.

Na faɗa wa Inna abin da Bafillatanar ta ce, cewa ba a ɗauka. Inna ta yarda da rabi. Yarinya kuwa ta riga ta saba da inda ta saba.

A cikin haka wani bafatake ɗan Randagi, wanda ya saba guzurin daddawarmu, ya fara zuwa gidanmu zance. Mutum ne kamili mai jakuna, ga fara'a. Wata rana bayan la'asar suna zaure shi da ƙanwata, ni kuma ina juya shanya a jikin dangar da ta raba mu, ina jin komai.

Ya ce, “Tun ranar da uwata ta sa daddawarki a miya ta ce in nemo mata mai wannan hannu.”

Na tsaya cak da faifai a hannu. Na ji ƙanwata ta ce, “To, ka ɓata hanya. Ba ni ke yi ba. Yayata ce ke yi, ni kaiwa kawai nake yi. Ko lokacin buɗe ta ban iya ganewa ba.”

“Yayarki mai lalurar nan?”

“Ita.”

Ban san abin da nake jira ba. Ko na zaci zai ce a kira ni ne? Ni da ko madubi na daina ɗauka? Sai na ji ya yi dariya ya ce, “Allah ya ba ta lafiya. Ai gaskiyar nan da kika faɗa ta fi mini daddawar.”

Gaskiyar da ta faɗa don ta mayar mini da haƙƙina, ita ce ta ƙara mata daraja a idonsa. Komai yarinyar nan ta taɓa sai ya zama nata. Da ta shigo ta zo ta durƙusa kusa da ni tana murna, ta ce, “Yaya, na faɗa masa ke ce.” Na ce na ji, Allah ya yi albarka. Na ci gaba da juya shanya.

Bayan kaka aka sa biki. Ana saura kaɗan Inna ta kira ni ɗakinta, ƙanwata na zaune a gefe kanta a sunkuye.

Inna ta ce, “Auta za ta tafi garin da ba ta da kowa. Ta roƙi a ba ta yarinyar nan ta riƙe, ta ɗebe mata kewa. Ke kuma kin ga halin da kike ciki.”

Ƙanwata ta ce, “In ba ki so, Yaya, a bari. Wallahi ba zan ji haushi ba.”

Ta san ba zan iya cewa ba na so ba. Ko kuwa ba ta sani ba, har yau ban tabbatar ba. Yarinyar tana bakin ƙofa tana leƙe, ta riga ta ji zance, idonta sai ƙyalli yake yi don murnar za ta hau jaki. Na ce, “Ni ina ruwana? 'Yarki ce. Ku tafi da ita.” Inna ta ce Allah ya yi mini albarka, ta yaba kunyata a gaban maƙwabta. Ranar da aka kai amarya na tsaya a ƙofar gida har suka fice ta ƙofar ganuwa. Yarinyar tana gaban ƙanwata a kan jaki, ba ta waiwayo ba. A makon nan wuyana ya buɗe sabuwar ƙofa har kusa da ƙashin ƙirji.

Bayan tafiyarsu asiri ya tonu da kansa. Mai kai daddawa kasuwa ta tafi, amma ƙamshi bai bar gidanmu ba. Matan unguwa suka fara aiko yara, daga baya suka riƙa zuwa da kansu. Har matar nan da ta goge hannu a zani ta zo, ta tsaya daga nesa tana kame-kame, ta ce ashe duk shekarun nan tawa suke ci. Na ce ashe. Na zuba mata na ƙara mata gyara. Ban sake zama a kasuwa ba, kasuwar ce ta riƙa sallama a ƙofarmu.

Shekaru suka tura. Inna ta rasu. Ciwon bai tafi ba, amma ya tsufa tare da ni. Yawancin ƙofofin suka ƙafe suka bar ramuka da tabo, fatar ta tattare ta ja bakina gefe guda, ɗaya ko biyu ne ke tsattsafowa in damina ta yi nisa. A Randagi kuwa Allah bai ba ƙanwata haihuwa ba. 'Yata ta zama ita ce komai nata. Ita ta yi mata kayan ɗaki, daga ɗakinta aka ɗauke ta zuwa gidan miji a can garin. Na je bikin, na zauna cikin baƙi da mayafina a ja, ina ji ana ta yi wa ƙanwata barka a matsayin uwar amarya. Amaryar ta zo ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa gwaggo ta nesa.

Da ta haifi ɗa namiji, lokacin yaye ya matso, sai labari ya iso mini cewa wurin ƙanwata za a kai shi. A nan na ce a'a. Kunyar 'yar fari ta ɗaure mini baki, amma ba wanda ya taɓa cewa kaka ta ji kunyar jika. Na ɗaure wuyana, na ƙulla bagaruwa da zuma a gefen zane, na bi wasu matan Gwari da ke komawa ƙauyukansu da kaya a kafaɗa. A shekarun nan mahara sun yi yawa, ba a ratsa dajin sai cikin taro. Muka bi ta ƙarƙashin kaɗanya da doka, ƙafata ta kumbura, ban tsaya ba.

Na sami ƙanwata a tsakar gida tana tankaɗe, yaron yana wasa a gefenta. Ta tashi da murna ta kawo mini ruwa. Ban ko gama sha ba na ce, “Na zo ɗaukar angona.”

Fuskarta ta sauya. Ta ce, “Haba Yaya, ai na riga na gyara masa wuri. Ni ya sani.”

Na ce, “Zai san ni.”

“Da wannan lalurar taki za ki iya da rigimar yaye?”

“Na iya da abin da ya fi yaye.”

Ta ce ita ta raini uwarsa tun tana 'yar mitsitsiya, ita ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta aurar da ita. Na ce duk na sani, ina bayan danga ina kallo aka fara. Ta ce ai ni na ce su tafi da ita. Na ce, “Da me kike so in ce a gaban Inna?” Sai ta fashe da kuka ta ce, “Ke kin haifa, Yaya. Ko ba ta kira ki uwa ba, kowa ya san ke kika haife ta. Ni me nake da shi?”

Ban taɓa tsammanin akwai abin da ke hannuna da ƙanwata take kallo da irin idon da nake kallon nata ba. Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji wani sanyi a raina wanda ba na tausayi ba ne.

Mijinta, wanda furfura ta riga ta cika masa gemu, shi ya raba gardamar. Ya ce yaye na kaka ne, a ba ni, in yaro ya manta nono ya yi ƙwari a dawo da shi, yayen ɗa na gaba kuma na ƙanwata ne. Aka aika aka tambayi uwar yaron, ta aiko cewa duk yadda manya suka yanke. Ƙanwata ta haɗa masa 'yan rigunansa, ko rakiya ba ta yi mana ba. Sai da shekara ta kusa zagayowa ta sake aiko mini da gaisuwa, tare da ƙwaryar zuma.

Washegarin gardamar da safe muka kamo hanya tare da masu kai doya birni. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya yi ta dukan bayana yana kiran ƙanwata, sannan barci ya ɗauke shi. Zanen goyon ya riƙa gogar ƙasan wuyana, kafin rana ta take na ji ƙyallen ya jiƙe, tsohuwar ƙofa ta buɗe. Da muka iso wani rafi na roƙi abokan tafiya su dakata mini. Wata daga cikinsu ta miƙo hannu za ta karɓe shi don in ji daɗin wankewa. Na ce ta bar shi, zan iya a haka. Na durƙusa da shi a bayana, na wanke wurin da hannu ɗaya, na sake ɗaurewa, muka ci gaba da tafiya.